Sansanin Hutun Yara: Yaya Ake Gane Asusunsa Na da Lafiya?

Sansanin da ake nufi a nan shi ne na jeka-ka-dawo, wanda ƙaramar ƙungiya da ba ta neman riba ke gudanarwa lokacin dogon hutu. A kawo yara da safe, a ɗauke su da yamma.

Tunda ba riba ake nema ba, me ya kawo maganar rara?

Rashin neman riba yana nufin ba wanda zai raba rarar ya sa a aljihu. Amma dole abin da ya shigo ya ɗan ɗara abin da ya fita, in ba haka ba rufin da ya fara yoyo ma sai ya gagari gyara.

Asusu a cike yake kafin a buɗe, ai shi ke nan ko?

A nan ake ruɗuwa, kuma a ganina nan ne ya fi haɗari. Iyaye kan biya kuɗin rajista watanni kafin yaro ya taka ƙofar sansanin. Kuɗin nan amana ne har sai an yi aikin. Albashin masu kula da yara, wanda galibi shi ne kaso mafi tsoka, yana nan tafe, kuma ba a iya rage ma'aikata yadda aka ga dama, domin kowane rukunin yara sai da babba a kansa. Ga inshora da haya, waɗanda sau da yawa ba su san an rufe sansani ba. Sansanin na aiki makonni kaɗan, ɗawainiya kuwa wata 12 ce. Don haka ma'aji ya duba watan da asusu ya fi ramewa, shi ne ke faɗin gaskiya.

Gudummawa fa?

Idan mai bayarwa ya ce don ɗaukar nauyin yaran marasa ƙarfi ne, ba a taɓa ta don biyan wuta. A rubuta ta daban. Kuma dogaro da mai bayarwa guda ganganci ne.

Nawa ya kamata a ajiye na ko-ta-kwana?

Shawarar da aka fi bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce kuɗin gudanarwa na wata 3 zuwa 6. A 2020, da annobar korona ta hana sansanoni da yawa buɗewa, iyaye sun nemi a mayar musu da kuɗinsu, sansanin da ya riga ya kashe kuɗin rajista kuwa ya shiga tsaka mai wuya.

Wace lamba ce kwamitin amintattu zai riƙe a ka?

Yawan yaran da sai sun yi rajista kafin kuɗin da ya shigo ya rufe abin da aka kashe. A lissafa shi kafin a sa farashi, a riƙa gwada shi da rajistar kowane mako.