Nazarin mitar sauyin bugun zuciya da manhaja

Nazarin mitar sauyin bugun zuciya hanya ce ta auna yadda tazarar da ke tsakanin bugu da bugu take canzawa, da taimakon kwamfuta. Zuciyar mai lafiya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogo, in mutum ya ja numfashi sai ta ɗan ƙara sauri, in ya sauke kuma ta lafa. Manhaja tana kwaso tazarar daga awon ECG, wato awon lantarkin zuciya, sannan ta ware wane kaso na sauyin ne ke dawowa da sauri, wane ne ke dawowa a hankali.

Tarihi

Ana yawan danganta farkon lura da abin ga Stephen Hales na Ingila, wanda ya wallafa gwajinsa kan dawakai a 1733. A 1847 Carl Ludwig na Jamus ya zana alaƙar numfashi da bugun zuciya da na'urar da ya ƙirƙiro. Wajen tsakiyar shekarun 1960 masu bincike Hon da Lee suka lura cewa in jariri ya shiga wahala a cikin mahaifa, tazarar bugunsa ke fara canzawa tun kafin yawan bugun kansa ya nuna komai. Amma aikin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne na Solange Akselrod da abokan aikinta a 1981, da suka yi gwaji kan karnuka suna toshe jijiyoyi da magani suna kallon wane ɓangare na mitar ke ɓacewa. Sai 1996 kwamitin haɗin gwiwa na likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka ya fitar da ƙa'idar da har yau ita ake bi.

Zangunan mita

A awon minti 5, zangon HF (sauyi mai dawowa da sauri) yana tsakanin 0.15 da 0.4 Hz (Hz na nufin sau nawa a daƙiƙa), wato numfashi 9 zuwa 24 a minti, kuma yana bin aikin jijiyar vagus, mai rage saurin bugun zuciya. Zangon LF (mai dawowa a hankali) daga 0.04 ne zuwa 0.15, ƙasa da nan VLF (mai dawowa a hankali ƙwarai), wanda ba a cika dogara da shi ba a gajeren awo.

Lissafi

Da yake bugun ba a lokaci daidai yake zuwa ba, yawanci sai an sake jera bayanan, galibi sau 4 a daƙiƙa, kafin a sa lissafin FFT, wanda ke rarraba sauyin zuwa zangunan mita. Hanyar Lomb-Scargle da aka aro daga masu nazarin taurari ba ta buƙatar wannan. Bugu ɗaya da ya zo ba kan ƙa'ida ba yana iya lalata sakamakon gaba ɗaya, shi ya sa dole a tace tukuna.

Manhajoji

Cikin manhajojin da ke yin wannan nazari akwai Kubios daga Finland, da RHRV, da NeuroKit2.

Saɓani

An daɗe ana ɗaukar LF/HF, wato LF a raba da HF, a matsayin ma'aunin daidaito tsakanin jijiyoyin tayar da jiki da na kwantar da shi. Masu bincike Eckberg a 1997 da Billman a 2013 sun musanta haka.