Mene ne autovacuum, kuma me ya sa yake cinye ƙarfin saba?

Samarinmu masu aikin kwamfuta a Yaba da Ikeja suna yawan kawo wannan tambaya, galibi sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta fara ja da ƙyar mutum ya leƙa ya tarar wani abu wai shi autovacuum ya kama aiki tun asuba ya ƙi gamawa.

Ga yadda abin yake. A PostgreSQL, wato manhajar rumbun adana bayanai, in ka gyara layi a cikin tebur ko ka goge shi, tsohon ba ya ɓacewa nan take, ana barinsa ne don wataƙila wani yana kan karanta shi. Matattun layukan nan taruwa suke, shi kuma autovacuum shi ne mai kwashe sharar. A saitin da yake zuwa da shi yawanci ba ya taɓa tebur sai matattu sun kai kashi 20 cikin ɗari na layukansa da ƙarin layi 50, to ka ga tebur mai layi miliyan 100 sai an tara miliyan 20 kafin ya motsa, ai dole aikin ya yi nauyi. Maganin wannan shi ne ka rage autovacuum_vacuum_scale_factor, wato saitin kashi 20 ɗin nan, a kan manyan teburan kawai, ya riƙa zuwa a kai a kai.

Amma don Allah ɗan'uwa kar ka kashe shi, nan ne mutane ke jefa kansu cikin wahala. Fara duba pg_stat_activity, inda ake ganin ayyukan da ke gudana a rumbun. In ka ga an rubuta "to prevent wraparound" to wannan ba na wasa ba ne, lambobin da ake ba kowace hada-hada (transaction, wato aikin da aka buɗe a rumbun) iyakarsu kusan biliyan 2 ne, shi ya sa da tebur ya tsufa ya kai hada-hada miliyan 200 sai autovacuum ya tashi ko da ka rufe shi a saiti, ka tsayar da shi ya dawo, in kuma aka yi ta hana shi har ƙarshe rumbun zai daina karɓar rubutu gaba ɗaya. Bar shi ya gama, ka bi tafiyarsa a pg_stat_progress_vacuum, in yana jan ƙafa ka ɗaga autovacuum_vacuum_cost_limit, wato saitin da ke iyakance saurinsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne autovacuum ɗin da zai gama ya sake farawa amma shara na nan. Yawanci wani ne ya buɗe hada-hada ya tafi ya barta a "idle in transaction", wato a buɗe ba ta yin komai, ko kuma akwai abin da aka manta a pg_replication_slots, wato jerin guraben da ake kwafar bayanai zuwa wata saba, kuma muddin suna nan ba shi da ikon taɓa layukan da suka mutu bayan buɗe su. Nemo wanda ya fi daɗewa, ka tambayi mai shi, sannan in hada-hada ce ka rufe ta da pg_terminate_backend, in kuma na pg_replication_slots ne ka cire shi da pg_drop_replication_slot.