Waiwaye: Yadda akai tsofaffin mata a Amurka suka koma kwana a mota

Duk watan Janairu in kaje wani ɗan ƙauye da ake cewa Quartzsite a hamadar jihar Arizona zaka ga motoci sunyi fakin iya ganinka, bas-bas ne, ƙananan motoci ne, harda tsofaffin motocin makaranta da aka mayar ɗaki, kuma da yawa daga cikin masu su mata ne ƴan shekara 60 zuwa 70 da wani abu, wasu da jikoki. A hoto abin gwanin sha'awa, wai yawon buɗe ido bayan ritaya. Amma fa in ka tona, da yawansu kuɗin haya ne ya koro su.

Kwana a mota ba sabon abu bane a can. Tun 1919 aka kafa wata ƙungiya ta masu yawo da mota a Florida mai suna Tin Can Tourists, sannan lokacin karayar tattalin arziƙi ta shekarun 1930 talakawa da yawa sun tare a tirela. A 1935 ne shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar Social Security, wato fanshon gwamnati, to anan ne gizo ke saƙa ga mata. Yadda ake lissafin kuɗin shine a ɗauki shekaru 35 da ka fi samun albashi a fitar da matsakaici, in baka cika 35 ba sai a cike gurbin da sifili. To macen da ta ajiye aiki shekara goma tana raino, ta dawo, ta sake ajiyewa tana jinyar uwarta, kuma dama can albashin nata bai kai na namiji ba, me kake tsammanin zata samu a ƙarshe? Ga shi sun fi mazan daɗewa a duniya. Wahalar da tayi wa gida kaf ba'a lissafa ta aiki ba.

Daga 1978 kuma aka shigo da tsarin 401(k), wato asusun ajiyar kuɗin ritaya na ma'aikaci, kamfanoni suka fara zame jiki daga biyan fansho na har abada, kowa ya tara da kansa a zuba masa a kasuwar hannun jari. Sai ga 2008, kasuwa ta rushe, bankuna suka ƙwace miliyoyin gidaje, ɗan abinda mutane suka tara ya zagwanye. Wanda yake da shekara 30 zai iya farfaɗowa, amma bazawara ƴar 62 ina zata fara? Haya kuma sai hawa take, mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009 ko motsi baiyi ba.

A shekarar 2008 ɗin Amazon ta fara wani shiri CamperForce, tana ɗaukar mazauna mota aikin wucin gadi a rumbunanta lokacin cinikin kirsimeti, ta basu wajen fakin. Wasu kuma su tafi aikin kakar gwozan sukari a Dakota ta Arewa da Minnesota, da rani suyi gadin sansanoni a daji suna wanke bayi. Tsohuwa fa, a tsaye awa goma. Wani dattijo Bob Wells, wanda shima rabuwar aure ce ta jefa shi cikin mota a Alaska, shi ya fara tara su a Quartzsite yana koya musu dabarun zaman, har daga baya aka ware taron mata zalla. Fim ɗin Nomadland da ya ci Oscar a 2021 shi yasa duniya ta san da su.

Zaman kansa kuwa, katifa ce akan katako a bayan mota, sola a saman rufi, ɗan risho na gas, bokiti da leda shine masai, wanka sai a gidan motsa jiki da ake biya duk wata. Filayen gwamnatin tarayya da yawa kyauta ne amma galibi bayan kwana 14 dole ka tashi. Adireshi kuma da yawa a Dakota ta Kudu suke yi, saboda kwana ɗaya a jihar da rasit ya isa a baka lasisin tuƙi. Ranar da giyar motar ta lalace ko gwiwa ta ƙi, shikenan gida da abin hawa sun tafi lokaci guda. Mu nan da tsohuwa ke da ɗakinta a gidan ɗanta abin zai mana banbaraƙwai, amma da yawansu suna da ƴaƴan, su ma ɗin haya ce ta shaƙe su, wasu kuma basa son zama kaya.

A Turai wasu matan wata hanyar suka bi, suka haɗa kai aka gina musu gida ɗaya kowa da ɗakinta, kamar gidan Babayagas a Montreuil kusa da Paris da aka buɗe a 2013, da New Ground a arewacin Landan a 2016 mai mata 26, sai dai wannan na Landan ɗin kusan shekara 18 sukai suna fafutuka kafin su tare.

A Amurka kam abin ƙara tsuke musu yake, a Yunin 2024 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa birane na iya hukunta masu kwana a wajen jama'a ko da babu matsugunin da za'a kaisu, kuma dokar garin da aka kai ƙara akanta ta haɗa harda kwana a mota cikin wuraren shaƙatawa.