Waiwaye: Daga SQLCODE zuwa SQLSTATE

Tun lokacin da kamfanin IBM ya fitar da manhajar rumbun bayanai ta SQL/DS a 1981, sannan DB2 a 1983, masu rubuta manhaja da harsunan COBOL da PL/I suke saka umarnin SQL, harshen magana da rumbun bayanai, a tsakiyar manhajarsu. Matsalar ita ce, idan umarni ya gaza, manhajar ba ta tsayawa. Rumbun bayanai zai ajiye sakamakon ne a wani yanki mai suna SQLCA, mai girman bayit 136 a DB2, ya rage ga mai rubutu ya duba ko ya ƙi dubawa.

A cikin yankin akwai SQLCODE, lambar da ke nuna sakamakon umarnin. Sifili na nufin komai lafiya, 100 ba a sami layi ba, lamba ƙasa da sifili kuma kuskure ne. Sai dai kowane kamfani da nasa lambobin. Maimaita mabuɗi (shaidar da ta keɓanta da layi ɗaya a tebur) a DB2 -803 ne, a Oracle kuwa -1. Ko "ba a sami layi ba" ma, Pro*C, manhajar Oracle ta saka SQL a harshen C, 1403 yake bayarwa, sai an sa shi a tsarin ANSI, hukumar ƙa'idoji ta Amurka, kafin ya koma 100.

Ƙa'idar SQL ta 1992 ta zo da SQLSTATE mai haruffa biyar: biyun farko rukunin matsalar, ukun ƙarshe takamaiman dalili. 02000 babu bayani, rukunin 23 karya sharaɗin tebur, 40001 kuma an soke ciniki (jerin umarnin da ake aiwatarwa tare) saboda karo da wani, a sake gwadawa daga farko. Ƙa'idar 1999 ta cire SQLCODE, amma har yau yana nan daram a tsofaffin manhajojin bankuna.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne WHENEVER SQLERROR GOTO, mai tura shirin zuwa sashen kula da kuskure idan umarni ya gaza. Wannan umarni ne ga manhajar da ke fassara SQL kafin a haɗa shirin, don haka yana aiki ne bisa matsayinsa a fayil, daga sama zuwa ƙasa, ba bisa yadda shirin ke gudana ba. Idan sashen kula da kuskure ya kira ROLLBACK, umarnin soke ciniki, shi ma ya gaza, shirin zai yi ta komawa wurin ba iyaka. Maganinsa a sa WHENEVER SQLERROR CONTINUE, wato a ci gaba ko an sami kuskure, a farkon sashen, a kwafe SQLSTATE zuwa wani wuri kafin a kira ROLLBACK, domin kowane sabon umarni yana goge abin da ke cikin SQLCA.