Ishara tsakanin mai keke da direban da ke son wucewa

Ishara tsakanin mai keke da direba ita ce alamun da mai tuƙa keke yake yi wa motar da ta cim masa, don ya sanar da ita ko ta wuce ko ta dakata. Keke ba shi da sigina ko fitilar birki, saboda haka hannu da waiwaye da gurbin da mai keke ya riƙe a kan titi su ne bakinsa. Ana nufin keken ƙafa ne, ba mai ƙafa uku da ke haya a Jos ba.

Asali

Alamun hannu sun girmi siginar mota. Ana jin sun yaɗu ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da direba kan fito da hannu ta taga. Littafin dokokin hanya na Birtaniya, wanda ya fara fitowa a 1931, yana ɗauke da su, kuma a zamanin Turawa Najeriya hannun hagu take bi kamar Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, aka koma dama. Tun daga nan mota ta hagun mai keke take wucewa, hannun hagu ya zama wanda direba ya fi gani.

Canjin ya bar baya da ƙura. Kekunan da aka haɗa bisa tsarin Ingila, irin tsohon Raleigh, birkin gaba yawanci a dama yake. Idan mai keke ya saki hagu don ishara, birkin gaba kaɗai ya rage masa, kuma matse shi da ƙarfi a gangara kan kifar da mutum. Shi ya sa a gari mai hawa da gangara kamar Jos ake rage gudu tukuna, sannan a ɗaga hannu.

Alamun

Waiwaye ne farko. Da direba ya ga fuska, ya san an san da shi. Miƙa hannun hagu sambal na nufin za a karya hagu, kada a wuce. Miƙa na dama, za a karya dama ko a sauka gefe. Hannun hagu a ƙasa, tafi na kallon baya, shi ne "dakata". Ana riƙe alama daƙiƙa biyu zuwa uku, a mayar da hannu kan keke kafin a shiga kwana.

Mai ɗauke da buhun dankali ko kwandon tumatir zuwa kasuwar Farin Gada ba ya iya sakin hannu. Nasa shi ne waiwaye, da daina taka feda, da raɓewa inda titi ya buɗe.

Gurbi ma magana ne. Wanda ya lafe a bakin kwata kamar ya ce "akwai wuri" ne, sai direba ya kutsa. A ƙaramar gada, ko shataletale, ko kwanar da dutse ya tare gani, shiga tsakiyar layi ya fi kowace alama hana obatekin.

Saɓani

Yafito mota da hannu, wato "zo ka wuce", shi ne abin gardama. Wasu na ganin ladabi ne. Wasu na cewa mai keke bai san ƙarfin motar ba, balle tsawon tirela ko tankar da ke bayansa, kuma motar da ke biye kan ɗauka har da ita aka kira. Ko an yafito, alhakin duba hanya na kan direba.

Tazara

Dokar Faransa ta ce direban da zai wuce mai keke ya bar tazarar aƙalla mita 1 tsakaninsu a cikin gari, mita 1.5 a wajensa. Birtaniya ta sa mita 1.5 a littafinta a 2022.

Da dare

Hannu ba ya ganuwa. Farar fitila a gaba, ja a baya, da riga mai ɗaukar ido.