Ma'anar "Purgatory", Kalmar da Ta Raba Kan Masu Kallon Lost

Duk inda aka zauna hirar shirin nan na Amurka mai dogon zango, Lost, da wuya a tashi wani bai ce, "Ai dama can duk matattu ne" ba. In mai maganar ya ɗan leƙa intanet, sai ya ƙara da kalmar da ya tsinto a can: purgatory. A bakinmu takan fito kamar "fagatori", kuma haka zan riƙa rubuta ta. Wanda bai kai ƙarshen shirin ba ya dakata a nan, domin ba abin da zan ɓoye.

Kalmar ta samo asali daga Latin, daga purgare, wato tsarkakewa ko wanke dauɗa. A koyarwar cocin Katolika, fagatori wani hali ne da rai ke shiga bayan mutuwa, idan mutum ya rasu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗar zunubi a tare da shi. Sai an tsarkake shi sannan ya shiga aljanna. Wanda ya shiga can ya riga ya tsira, babu mai fita daga fagatori ya nufi wuta. Manyan tarukan cocin sun tabbatar da wannan koyarwa a Florence a 1439 da Trent a 1563. 'Yan Furotesta kuwa sun ƙi ta tun zamanin Martin Luther, shi ya sa ko a nan gida ɗan Katolika da ɗan ECWA ba za su ba ka amsa iri ɗaya a kanta ba.

Na san da yawa za su ce ai barzahu ke nan. Sun yi kama, amma akwai tazara. Barzahu, kamar yadda ya zo a aya ta 100 ta Suratul Mu'minun, shamaki ne tsakanin mutuwa da ranar tashi, kuma kowa sai ya zauna cikinsa, na kirki da na banza. A'arafi kuma, wanda sura ta 7 ke ɗauke da sunansa, wuri ne tsakanin aljanna da wuta. Fagatori na waɗanda aka riga aka yi wa rabo da aljanna ne kaɗai. Daga coci kalmar ta fita kasuwa, Turawa suka riƙa kiran duk wani zaman jira mai azaba da ita. A bakin masu kallon talabijin kuma ta samu wata ma'ana ta daban: hasashen cewa mutanen cikin labari sun mutu tuntuni, su ne dai ba su sani ba.

Lost ne ya fi kowa shan wannan hasashe. Tashar ABC ta fara nuna shi a ranar 22 ga Satumba, 2004, ya yi zango shida, kashi 121. Jirgin Oceanic mai lamba 815 ya taso daga Sydney zuwa Los Angeles, ya faɗi a wani tsibiri da babu shi a taswira. Tun a zango na farko aka ga abubuwan da hankali ba ya ɗauka. John Locke, wanda ya shiga jirgi a gurgunce, ya miƙe ya yi tafiya a bakin teku. Likita Jack Shephard yana hango mahaifinsa da ya rasu yana tsaye cikin kwat. Ga farar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara a dajin zafi, ga baƙin hayaƙi mai kashe mutane. Kowane ɗayansu kuma ya zo da laifi a wuyansa: mai kisan kai, ɗan damfara, mai azabtar da fursunoni, ɗan ƙwaya. Wa zai ga wannan bai ce wurin wankan zunubi ba ne? Marubutan, Damon Lindelof da Carlton Cuse, sun sha musanta hakan, amma su da kansu sun riƙa zuba wa wutar mai. A zango na uku wata mata da ta sauko da laima ta ce an gano jirgin a ƙarƙashin teku, ba wanda ya tsira. A zango na shida Richard Alpert, wani daɗaɗɗen mazaunin tsibirin, ya ce duk a wuta suke.

To me ya faru a kashin ƙarshe, na 23 ga Mayu, 2010?

Zango na shida labari biyu ya riƙa bayarwa kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya a tsibirin, ɗaya a wata duniya inda jirgin ya sauka lafiya a Los Angeles. A can Jack na da ɗa saurayi, Sawyer ɗan damfara ya zama ɗan sanda, Ben Linus, jagoran mutanen da suka tarar a tsibirin, malamin tarihi ne a sakandare. Da yake an rufe zango na biyar da yunƙurin tayar da bam a 1977 don a sauya ƙaddara, kusan kowa ya ɗauka bam ɗin ne ya tsaga lokaci gida biyu. Sai a mintunan ƙarshe gaskiya ta fito. Jack ya shiga ɗakin bayan wata coci, ya ɗora hannu a kan akwatin gawar mahaifinsa, ya buɗe, ya tarar wayam. Ya juya, ga tsohon tsaye a bayansa. Jack ya ce masa ai ka mutu, ta yaya kake nan? Tsohon ya mayar masa da tambayar. Fuskar Jack ta canza, ya gane shi ma ya mutu, ya faɗa jikin mahaifinsa yana kuka.

A nan ne mutane da yawa suka daina sauraro, alhali bayanin na gaba. Mahaifin ya faɗa masa ƙarara cewa duk abin da ya same shi ya faru da gaske. Ya ce waɗanda ke zaune a cocin, wasu sun riga shi mutuwa, wasu sun daɗe a bayansa, kuma a wurin nan babu lokaci. Wuri ne da suka gina tare don su sake samun juna su wuce gaba. Ke nan tsibirin duniya ce ta zahiri. Wanda ya mutu a can ya mutu, wanda ya tsere ya tsere. Kate da Sawyer da Claire sun bar tsibirin a jirgi, Hurley, wani daga cikin fasinjojin, ya gaji Jack a matsayin mai tsaron wurin. Duniyar Los Angeles ta zango na shida ita kaɗai ce ta bayan mutuwa.

Abin da ya ƙara dagula ruwan shi ne hotunan da suka biyo baya. Jack ya kwanta a cikin gora, inda ya fara buɗe ido a kashi na farko, karen nan Vincent ya kwanta a gefensa, jirgin abokansa ya gifta ta sama, idonsa ya rufe. Sai aka nuna tarkacen jirgi a bakin teku, babu ko mutum ɗaya, sunaye na wucewa. Masu kallo suka ce shi ke nan, ba wanda ya tsira tun farko. Daga baya ABC ta bayyana cewa ita ta saka hotunan don mutane su ɗan numfasa kafin labarai, ba sa cikin labarin.

Ko a duniyar Los Angeles ɗin ma, kalmar fagatori ba ta zauna daram ba. Babu azaba, babu hukunci, babu mai auna ayyuka. Tagar cocin na ɗauke da alamomin addinai shida, har da gicciye da jinjirin wata da tauraruwar Dauda, alamar cewa marubutan ba su jingina wurin ga addini ɗaya ba. Abin da ake yi a can tunawa ne. Galibi sai mutum ya taɓa wanda ya so a duniya, sannan rayuwarsa ta dawo masa gaba ɗaya.

Ina cikin waɗanda ƙarshen nan ya taɓa wa zuciya, amma ban ga laifin waɗanda suka ji haushi ba, muddin haushin na kan abin da ya dace. Shekara shida shirin na koya wa mutane su riƙe kowace alama, su haddace 4, 8, 15, 16, 23, 42, su ƙirga minti 108 na danna maɓalli a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da aka zo biyan bashi, sai aka ce sirrin tsibirin wani haske ne a cikin kogo, da dutse da aka toshe rami da shi. Batun Walt, yaron da aka nuna yana da wata baiwa ta daban, ma sai a wani ɗan gajeren ƙari da aka saka a faifan DVD aka waiwaye shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sayid. Mutumin Iraƙi da ya shafe shekaru yana neman Nadia, ya same ta, ya aure ta, ya binne ta, a ƙarshe sai aka ce Shannon, wadda suka yi 'yan makonni tare, ita ce za ta farkar da shi. Har yau ban yarda da wannan ba. Mista Eko, ɗan Najeriyan da Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa, ko inuwarsa babu a cocin. Duk waɗannan ƙorafi ne masu tushe, kuma ba ɗaya cikinsu da ke buƙatar a ce mutanen matattu ne tun ranar faɗuwar jirgi.

Idan ana neman inda kalmar ta fi dacewa, a dubi mutum biyu. Michael, wanda ya harbe mata biyu don ya ceto ɗansa Walt, ya bayyana wa Hurley cewa raɗe-raɗen da ake ji a daji muryoyin waɗanda suka kasa wucewa ne, shi ma yana cikinsu. Sai Ben, wanda ya kashe mahaifinsa, ya shaƙe Locke da hannunsa, ya bari aka harbe 'yar da ya raina a gabansa. A daren cocin yana zaune a kan benci a waje. Ya nemi gafarar Locke, Locke ya yafe masa. Hurley ya leƙo ya ce ya shigo, ya yaba masa a kan zaman da suka yi tare suna kula da tsibirin. Ƙofa a buɗe take, ba wanda ya hana shi. Ben dai bai tashi daga bencin ba, domin ya riga ya faɗa wa Locke cewa da sauran abubuwan da zai warware tukuna.