Dokar da take hana tablet ɗinka hawa waifai ɗin ofis

Kwanaki wata abokiyar aikinmu ta shigo da sabon tablet na Android ta ajiye min akan tebur tace Malam dan Allah duba min wannan abun, fasawod ɗina daidai ne wallahi, a laftof yana shiga lafiya lau amma nan ko wajen da aka rubuta "Connect" ɗin ma ya ƙi dannuwa. Na ɗauka na duba, ta saka sunanta ta saka fasawod, sai gurabe biyu da ta bari ba komai, ɗaya an rubuta "CA certificate" ɗaya kuma "Domain". Nace Hajiya tablet ɗinki ƙalau yake, doka ce aka saka masa yake bi.

Kafin a gane dokar sai an gane cewa waifai ɗin ofis daban yake da na gida. Na gida fasawod ɗaya ne kowa da kowa, kai da madam da yara har da maƙwabcin da ya roƙa tun bara. Na manyan ofisoshi da bankuna da jami'o'i kuwa, wanda ake cewa WPA2-Enterprise, kowa da nasa sunan da nasa fasawod ɗin, kuma ɗan akwatin nan da kake gani manne a silin ba shi yake yanke hukunci ba, shi ɗan aike ne kawai, yana karɓar bayananka ya miƙa wa wata kwamfuta can a ɗakin 'yan IT da ake kira RADIUS, ita ce zata ce a bar wannan ya shiga ko a kore shi. Tsarin gaba ɗaya sunansa 802.1X. Eduroam ɗin da ɗalibai da malamai suke hawa a jami'o'in duniya ma akan wannan tsarin yake.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Sunan waifai ba mallakin kowa bane, duk wanda yaga dama zai iya kunna nasa ya raɗa masa sunan na ofishinku harafi da harafi. Mutum ya faka mota a bakin get da laftof a cinya, tablet ɗinka yana cikin jaka ya hango sunan da ya sani da sigina mai ƙarfi, sai ya tafi da kansa ya gaisa ya fara miƙa bayanai, kai kana can kana cinikin ayaba baka ma san anyi ba. Wani zai ce ai fasawod ɗin ba a fili yake tafiya ba. Haka ne, amma ofisoshi da yawa hanyar ɓoye fasawod da ake kira PEAP da MSCHAPv2 suke amfani da ita, shi kuma MSCHAPv2 tun 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a DEF CON, taron masana tsaron kwamfuta na Amurka, cewa ana iya fasa shi cikin ƙasa da kwana ɗaya. Kuma mu faɗi gaskiya, a ofisoshi da yawa fasawod ɗin waifai shine dai na imel, shine na shiga kwamfutar aiki, an kama ɗaya an kama duka.

Maganin wannan dama can akwai shi a cikin tsarin. Kafin tablet ya bada komai, ita kwamfutar RADIUS ɗin ya kamata ta fara nuna satifiket ɗinta, kamar dai maigadi ya tare ka yace ina ID kat, kai kuma kace to baba nuna min naka tukunna in tabbatar kai ne maigadin gidan nan. Matsalar ita ce shekara da shekaru Android yana da wani zaɓi a wajen "CA certificate" da aka rubuta "Do not validate", wato kar ma ka tambaya, duk wanda ka gani da kaki ka miƙa masa makulli. Kuma abun haushi 'yan IT da kansu suke rubutawa a takardar da suke mannawa a bango cewa a zaɓi wannan, sbd yafi sauƙi, ba mai zuwa ya dame su.

Shi wannan zaɓin ne aka cire. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance, wadda take bawa na'urori shaidar waifai, ta fito da sabon tsarin tsaron waifai mai suna WPA3 a 2018, a cikin ƙa'idojinsa akwai cewa dole na'ura ta tantance satifiket ɗin saba, wato kwamfutar RADIUS ɗin nan, kafin ta miƙa bayanan mutum. Google suka bi, a afdet ɗin Android 11 na Disamba 2020 suka cire "Do not validate" daga wayoyinsu na Pixel, sauran kamfanoni kuma kowa ya biyo baya a nasa lokacin. Shi yasa zaka ga tablet biyu a tebur ɗaya, tsohon yana hawa sabon ya ƙi, sai a fara zagin sabon ana cewa jabu aka sayar maka, alhali tsohon ne yake da sakaci.

Ba majalisar wata ƙasa ce tayi wannan dokar ba, ba kuma wanda za'a kama akanta, ƙa'idar masu ƙera kayan ce, amma ta fi dokar gwamnati tsauri ta wani wajen tunda ba wanda zaka bawa haƙuri. Abu biyu take nema. Na farko, a gurbin "CA certificate", ka gaya wa tablet waye ya saka hannu akan satifiket ɗin sabar ofishinku. Idan ofis ya siya ne daga kamfanonin da duniya ta sani irin su DigiCert, sai ka zaɓi "Use system certificates" shikenan. Idan kuma su suka haɗa nasu na cikin gida, wanda hakan yafi yawa a manyan ma'aikatu, to dole su baka ɗan fayil ɗin ka saka shi ta setin, ɓangaren tsaro, wajen saka satifiket na waifai. Na biyu shine "Domain", sunan da yake rubuce a jikin satifiket ɗin. Anan mutane suka fi faɗuwa, sai mutum ya rubuta adireshin shafin kamfani na intanet ko abunda ke bayan alamar @ a imel ɗinsa, wani lokacin a dace wani lokacin a'a, don sunan da ke kan satifiket ɗin ake so ba wanda ka zata ba. Ba abun canka bane, ka je ka tambaya.

Daga Android 13 an ɗan sassauta, akwai zaɓin "Trust on First Use", karon farko tablet zai nuna maka satifiket ɗin ka amince, daga nan ya riƙe shi, duk wani da ya zo da daban ya ƙi shi. iPad dama haka yake yi tun da, ya nuno satifiket ka danna "Trust". Ni dai ban cika son wannan ba gaskiya, mutum nawa ne suke karanta abunda ke jiki kafin su danna? In zaka yi to kayi shi a cikin ofis, ka duba sunan da ya fito ka haɗa da wanda 'yan IT suka baka.

Ka saka komai daidai kuma ya ƙi? Duba kwanan wata da agogon tablet ɗin, satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, tablet ɗin da batirinsa ya mutu ya kwana biyu a durowa zai iya tashi da tsohuwar shekara yaga satifiket ɗin kamar bai ma fara aiki ba. In kuma duk ofis ne aka wayi gari kowa ya faɗo lokaci ɗaya, kar ka wahalar da kanka da kashewa da kunnawa, galibi satifiket ɗin sabar ne ya ƙare ba'a sabunta ba, aikin IT ne. Akwai kuma ofisoshin da suke rajistar na'ura da lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura take nuna wa waifai, toh tun Android 10 da iPadOS 14 na'urori suke ɓoye lambarsu ta ainihi suna bada wata daban ga kowane waifai, sai ka kashe wannan a setin ɗin waifai ɗin ofis kaɗai ko ka basu lambar da yake nunawa a wajen.

Sannan in tsohon tablet ɗinka yana hawa tun kafin afdet, dan Allah kar ka danna "Forget" kafin ka karɓi satifiket da domain a hannu, yawanci tsohon setin yana cigaba da aiki, ranar da ka goge shi ne zaka nemi "Do not validate" ka rasa.

Ita Hajiya mun gangara ɗakin IT tare, yaron da muka samu ya fara cewa ta hau waifai ɗin baƙi kawai mana, nace a'a ƙanena na baƙi baya kaiwa ga firinta, bamu domain ɗin dai. Sai da ya kira ogansa a waya aka karanto masa, ya rubuta mana a bayan wata tsohuwar ambulan, muka saka, ya hau.